Sabon Jini Ko Tsohon Hannu? Ku Tambayi Ɗan Zariya

'Yan uwa ɗalibai, musun nan na ƙwallon kwando ya ƙi ƙarewa a ɗakunan kwananmu: yaron da ya fito daga jami'a, ko tsohon hannu, wa ya fi wa ƙungiya amfani? Bari mu leƙa tarihin NBA.

A 1984 Houston ta zaɓi Hakeem Olajuwon a lamba ɗaya, ya kawo mata kofi a 1994 da 1995. A 1998 Clippers ta zaɓi Michael Olowokandi a lamba ɗaya, shi ma haifaffen Legas, amma bai yi abin kirki ba. Ka ga lamba ba ta ba da tabbas.

Sai namu, Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya. Yana jagorancin Toronto, a 2016 ya ɗauko Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba 27. A 2018 ya ba San Antonio tauraronsa DeMar DeRozan, ya karɓi Kawhi Leonard, wanda wasa tara kacal ya buga a kakar baya saboda rauni. A 2019 suka ci kofi. Kawhi ya kama gabansa a shekarar, Siakam kuwa ya zauna har 2024.

Ni dai a ganina, tsohon hannu ke kawo kofi, yaro ke riƙe gida, amma idon mai zaɓe ne gaba da su duka. To yaranmu masu jefa ƙwallo a Mararaban Rido da Kafanchan fa, wa ke zuwa kallonsu?