Harabar Masallaci a Zangon Salaga

Ƙamus zai ce wa ɗalibi “zango” masaukin ayari ne. A ƙasar Gwanja kuwa, cikin Gana ta yau, kalmar ta girma har ta zama unguwar baƙi ta dindindin. Fataken Kano da Katsina da suka riƙa sauka Salaga a ƙarni na 19, suna kai kanwa da tufafi da bayi, suna ɗauko goron Asante, da yawansu ba su koma gida ba. Ikon ƙasa yana Kpembe, a hannun sarakunan Gwanja. Baƙo ba shi da gonar gado, ba shi da kushewar kakanni. Abin da zai ce nasa ne shi ne masallacin unguwarsu da ɗan filin da ke gabansa.

A wannan fili ake ɗaura aure, a nan ake jin labarin hanya, a nan kuma ake sallatar farken da ajali ya riska nesa da danginsa. Kabarinsa ba rubutu, bayan 'yan damuna ya baje. Wurin da aka yi masa sahu ne ya rage a idon jama'a.

Ingila ta taɓa yin irin wannan. Kafin ƙarni na 16 talaka ba ya samun dutsen kabari, sai gicciye ɗaya na dutse a makabartar coci ya tsaya a madadin mamatan ƙauye duka, kuma a gindinsa jerin gwanon Lahadin da ke gaban Ista yake tsayawa. An farfasa da dama a rikicin addini na ƙarni na 16 da na 17, sai matakala da kututture.

A ganina, a nan kamannin ya ƙare, domin cibiyar zango ba a kafe take ba. Da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa Salaga, malamai da fatake suka watsu zuwa Yendi da Kete-Krachi da wasu garuruwa, kowa da limaminsa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Kete-Krachi, ya yi limanci har rasuwarsa a 1934. Yendi dama ta san malaman Hausa tun ƙarni na 18. A Bawku ma, can kan hanyar Arewa, zango ya kafu da masallacinsa da sarkinsa, kuma har yau da Hausa ake ciniki a kasuwar garin.