Cire filash daga kwamfuta da manhajar karanta allo

Cire filash cikin aminci shi ne sanar da kwamfuta cewa za a zare filash, ko katin memori, ko wata ma'ajiyar bayanai ta waje, domin ta kammala rubuta abin da ke hannunta kafin a zare. Mai gani yakan danna wata ƙaramar alama a ƙasan allo da linzamin kwamfuta. Makafi da masu raunin gani kuwa suna yin aikin ne da madannai, manhajar karanta allo tana faɗa musu inda suke da murya.

Dalili

Kwamfuta ba ta cika rubuta bayani a kan filash nan take ba. Wani lokaci takan ajiye shi a ƙwaƙwalwarta na ɗan lokaci, ta rubuta daga baya. Idan aka fizge filash a wannan tsakani, fayil yana iya lalacewa, ko kuma tsarin da ke nuna inda kowane fayil yake ya rikice har filash ɗin ya ƙi buɗewa. Tun daga Windows 10 samfurin 1809, kamfanin Microsoft ya mayar da tsarin cirewa da sauri ya zama na asali, wanda ya rage wannan haɗari. Duk da haka, zarewa ana cikin kwafa yana lalata fayil. Mai gani yana iya lura da ƙyaftawar fitilar filash, amma makaho sai dai ya dogara da abin da manhajar ta faɗa masa.

Manhajojin

JAWS ta fito don Windows a 1995, kuma ta kuɗi ce. NVDA kyauta ce; Michael Curran ya fara ta a 2006 a Ostireliya, James Teh ya haɗu da shi. Narrator tana zuwa a cikin Windows, VoiceOver kuma a cikin kwamfutocin Apple tun 2005.

Yadda ake yi a Windows

Da farko a rufe duk fayil ɗin da aka buɗe daga filash. Sannan:

1. A danna Windows da B tare, domin zuwa wurin ƙananan alamomi.
2. A bi su da maɓallan kibiya har a ji "Safely Remove Hardware and Eject Media". Idan ba a ji ba, tana cikin ɓoyayyun alamomi, sai a buɗe su da Enter.
3. A danna Enter, a zaɓi sunan filash ɗin, a sake danna Enter.
4. A jira sai an ji "Safe to Remove Hardware" kafin a zare.

Wata hanyar ita ce a danna Windows da E, a nemo filash ɗin, a danna Shift da F10, a zaɓi "Eject". A JAWS, Insert da F11 suna jero alamomin kai tsaye. A kwamfutar Apple, ana zaɓar filash a Finder a danna Command da E.

Idan kwamfuta ta ce ana amfani da na'urar, to wata manhaja ba ta sake ta ba. Sai a rufe ta a sake gwadawa. In ya gagara, a kashe kwamfutar gaba ɗaya sannan a zare.

Idan manhajar tana kan filash ɗin

Ana iya ɗora NVDA a kan filash a riƙa kunna ta a kowace kwamfuta mai Windows ba tare da an girka ta ba. Wannan yana da amfani a garuruwa irin su Kura da Bunkure, a yankin noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Tiga a Jihar Kano, inda ɗalibin da ba shi da kwamfuta yakan je shagon buga takardu domin rubuta aikin makaranta ko cike fom.

Sai dai akwai cikas. Muddin NVDA tana aiki daga filash, Windows ba za ta sake shi ba. Idan kuma aka kashe ta, kwamfutar ta yi shiru. Mafita ita ce a kashe NVDA da Insert da Q, a tabbatar da Enter, a kunna Narrator da Control, Windows da Enter, a cire filash da taimakonta, sannan a kashe ta da waɗannan maɓallan.

Ɗaukewar wuta ana cikin kwafa, ko mutuwar janareta, tana yi wa filash illa daidai da fizge shi idan kwamfutar ba ta da batir. Shi ya sa ake son a ajiye kwafi na biyu na muhimman takardu, musamman ga wanda manhajarsa da aikinsa duka suna kan filash ɗaya.