'Ya'yan Shekarun Talauci a Amurka: Yadda Suka Kasance Bayan Sun Girma

'Yan uwa mazauna Sabo da zango-zango, duk wanda ya tashi a gidan ɗan kasuwa ya san yau akwai, gobe babu. To, yaron da ya tashi a haka, me yake zama idan ya girma? Tarihin Amurka ya ba da amsa.

A watan Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe. Zuwa 1933, kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. A wannan lokaci masana a Jami'ar California da ke Berkeley suka fara bin diddigin yara 167 na garin Oakland, haifaffun 1920 da 1921, har suka manyanta. Glen Elder ne ya tattara bayanan a littafinsa Children of the Great Depression a 1974.

Elder ya ware gidajen da suka yi asarar fiye da kashi 35 cikin 100 na abin da suke samu tsakanin 1929 da 1933. A irin waɗannan gidaje, yara maza suka fita neman ƙananan ayyuka, 'yan mata suka ɗauki hidimar gida, uwa kuma ta zama ginshiƙi. Da suka girma, mazan sun riƙi sana'a da wuri. Da yawansu sun farfaɗo ta hanyar aikin soja da dokar 1944 da ta biya wa tsoffin sojoji kuɗin karatu.

Amma da Elder ya duba yaran Berkeley, haifaffun 1928 da 1929, sai ya ga abin ya fi muni, musamman ga maza. Talaucin ya same su tun suna ƙanana, ba su iya taimaka wa gida, sai dai su sha fushin uban da ya karye da rigimar iyaye. Suka tashi da ƙarancin yarda da kai, karatunsu ma ya ja baya.

Ke nan shekarun yaro lokacin da asara ta zo, da zaman lafiyar gida, suna da nauyi ƙwarai. Idan kasuwa ta yi kyau, mu ware kuɗin makaranta, ko ta adashi ne. Idan ta juya baya, kada mu huce haushinta a kan ƙananan yara.

Allah Ya rufa mana asiri.