Daga Akwatin Lakwal zuwa Salular Garka

Duk wanda ya bi hanyar Ƙwanni zuwa Madawa a kakar albasa, ya ratsa Malbaza da Galmi, zai ga manomi da salula a kunne yana cinikin buhu da ɗan kasuwar Abijan. Wannan ƴar na'ura abu biyu ne a haɗe: gangar jiki ta ƙarfe da roba, da manhajar da ke ba ta umarni. A jami'o'i akwai fanni guda na binciken yadda za a tsara irin waɗannan kaya domin su ji mutum, su amsa masa. Nijar na da daɗaɗɗen tarihi a wannan fage, ko da yake ba a cika ambatonsa ba.

Mafarinsa shi ne talabijin ɗin lakwal da aka soma a Yamai a 1964 da tallafin Faransa. Masana tarbiyya da masu zane sukan shirya darasi, su lura da yadda yara suka karɓe shi, sannan su gyara. Daga 1966 shirin ya kai makarantu kimanin 20 da yara wajen 800. Saboda rashin lantarki a ƙauyuka, a 1968 aka fara gwada kunna akwatin da hasken rana. Sai dai akwatin na da aibi biyu: Faransanci zalla yake yi, kuma yana magana ba ya saurare.

Salula ce ta kawo sauraron. A 2009 da 2010, Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka, da abokan aikinta da ƙungiyar CRS, sun gudanar da shirin ABC a ƙauyuka 113 na Doso da Damagaram. Manya masu yaƙi da jahilci cikin Hausa da Zabarmanci sun koyi inda haruffa da lambobi suke a kan madannai, da yadda ake tura saƙo, mutum biyar na tarayya a salula ɗaya. Sun zarce sauran a rubutu da lissafi, domin darasin yana bin su har gida.

A 2010, bayan farin da ya faɗa wa ƙasar, gwajin ya iso jihar Tawa. Ƙungiyar Concern ta riƙa raba jika 22 kowane wata, tsawon wata biyar, a ƙauyuka 96. Wasu mata sun karɓa a hannu, wasu ta tsarin Zap na kamfanin Zain. Binciken ya nuna gidajen da kuɗin ya zo musu ta salula sun fi cin abinci iri-iri, saboda matan sun rage tafiya da zaman jiran layi.

A duk waɗannan, daga waje na'urar ta zo. Abdu Maman Kane, ɗan ƙasa masanin kwamfuta, ya juya lamarin. Ya haɗa faifan hasken rana da famfo da manhaja, ta yadda manomi zai buga lamba daga nesa ruwa ya kwarara a garkarsa, ya sake bugawa ya tsaya. Ƙirar ta ci kyautar Orange a 2011, da babbar kyautar ruwa ta Hassan II a 2015. Daga wahalar ban ruwa ya fara tunani, sannan ya nemi ƙarfen da zai ɗauke ta.

Abin da shekarun nan suka tabbatar shi ne na'ura tana karɓuwa gwargwadon yadda ta san hannu da harshen mai ita. Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Ƙananan salulolin da suka cika kasuwannin Illela da Malbaza ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, alhali tun 1999 gwamnati ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa da su. Yaron da ya saba rubuta "kasa" a madadin "ƙasa" zai kai kuskuren har aji. Idan masu harshe ba su zauna inda ake tsara madannai ba, wasu ne za su yanke yadda jikokinsu za su rubuta Hausa.