Daga bakin mai hoto: yadda hira ta ceto tarihin masu ɗaukar hoto na Bamako

Tarihin ɗaukar hoto a Bamako, babban birnin Mali, kusan dukkansa daga baki aka samo shi. Masu hoton da suka yi tashe a birnin tsakanin shekarun 1940 da na 1970 ba su bar littafin tarihin rayuwarsu ba, ba su kuma rubuta bayani a kan aikinsu ba. Abin da suka bari shi ne dubban dodon hoto, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, a jibge cikin akwatuna da kwalaye. Sai a shekarun 1990, bayan furfura ta riga ta game kansu, aka fara zama da su ana yi musu tambayoyi ana adana amsoshinsu. Biyu daga cikinsu, Seydou Keïta da Malick Sidibé, su ne hirarsu ta fi yaɗuwa a duniya.

Mafarin al'amarin wani baje kolin fasahar Afirka ne da Susan Vogel ta shirya a birnin New York na Amurka a 1991. A cikin kayan da aka baje akwai wasu hotunan mutanen Bamako, maza da mata cikin kwalliya, an rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. A lokacin kuwa mai aikin yana nan da ransa a gidansa. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya ga hotunan suka shiga ransa, ya tura André Magnin, Bafaranshen da ke kula masa da tarin kayansa, ya je ya nemo mai su. Magnin ya sauka Bamako a 1992 da kwafen hotunan a hannu. Aka kai shi shagon Malick Sidibé a unguwar Bagadadji, inda a lokacin gyaran kyamara ya fi yi. Sidibé na kallon takardun ya ce aikin Seydou Keïta ne, ya kuma kwatanta gidansa. Kalma ɗaya daga bakin abokin sana'a ta cire wa hotunan tambarin rashin asali.

Keïta, wanda aka haifa wajen 1921, ɗan kafinta ne, shi ma da kafinta ya fara. Kusan duk abin da aka sani game da farkon rayuwarsa daga hirarrakinsa da Magnin ya fito, waɗanda aka tsara suka zama gabatarwar littafin hotunansa da ya fito a 1997. A nan ya ba da labarin yadda wani baffansa ya dawo daga Senegal a 1935 da ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie ya ba shi, yadda ya yi ta ɓata fim kafin hannunsa ya faɗa, da yadda ya amfana da Pierre Garnier, Bafaranshe mai shagon kayan hoto, da kuma Mountaga Dembélé, malamin makaranta kuma mai hoto da ya riga shi shiga sana'ar. A 1948 ya buɗe wurinsa a unguwar Bamako-Coura, kusa da gidan yari, ba nisa da tashar jirgin ƙasa da kasuwa. Matafiyan da ke bin layin dogo na Dakar zuwa Bamako sukan ratse su ɗauki hoto su kai tsaraba gida.

Wurin da hirar ta fi yin amfani shi ne bayanin yadda ake aikin, domin wannan ba ya bayyana a fuskar hoto. Keïta ya ce a tsakar gida yake ɗaukar yawancin hotunansa, da hasken rana, saboda ya fi son sa a kan na lantarki. Fim yana da tsada, don haka sau ɗaya yake ɗaukar mutum. In ya kuskure, asarar tasa ce. Girman fim ɗin santimita 13 ne a 18, kuma daidai wannan girman yake wanko hoton ya miƙa wa mai shi. Ya tanadi kayan aro ga wanda ya zo ba shiri: kwat, hula, tabarau, alƙalami, agogo, furen roba, rediyo, tarho, keke, babur ɗin Vespa, daga baya har da motarsa. Wanda bai ji wannan bayani ba zai ga saurayi ya dafa rediyo ya zaci nasa ne, ya ga wata ta jingina da mota ya ɗauka matar attajiri ce. Hirar ta nuna cewa abin da ke cikin hoton sau da yawa buri ne, yadda mutum yake so dangi na ƙauye su gan shi bayan ya shigo birni.

Sai batun labulen baya, wanda ya zama kalandar Keïta. Bai riƙa rubuta ranar da ya ɗauki kowane hoto ba. Amma ya tuna cewa labulensa na farko zanen gadonsa ne mai geza, kuma duk bayan shekara biyu ko uku yakan canza wani: mai furanni, mai zanen murɗe-murɗe, daga ƙarshe mai ruwan toka. Da aka ɗora hoto a gabansa, labulen yake dubawa ya faɗi zamanin. Yawancin shekarun da ake gani yau a ƙasan hotunansa a gidajen tarihi na Turai da Amurka ta wannan hanya aka same su, shi ya sa sau da yawa ake rubuta tsakanin shekara kaza da shekara kaza. Da ya rasu kafin a tambaye shi, da wannan lissafi ya tafi da shi kabari.

A 1962, shekara biyu bayan Mali ta sami 'yancin kai, gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto a hukumar tsaro, bai jima ba ya rufe shagonsa, ya yi ritaya a 1977.

Labarin Sidibé daban yake, kuma shi mutum ne mai son hira. Bafulatani ne daga ƙauyen Soloba, an haife shi a tsakiyar shekarun 1930, ya yi kiwo yana yaro, ya yi makarantar koyon sana'ar hannu a Bamako. A 1955 Gérard Guillat, Bafaranshe mai shagon hoto, ya kira shi ya yi wa shagonsa ado, daga nan ya riƙe shi yaron shago. Keïta yana jiran mutane su zo tsakar gidansa. Sidibé shi yake bin su. Ya bayyana wa masu tambayarsa yadda yake hawa keke da dare ya zaga wuraren rawar samari, wani lokaci wuri uku ko huɗu a dare ɗaya, ya koma shago ya wanke fim kafin gari ya waye. Sai ya liƙa ƙananan hotunan a jikin kwali, kowanne da lamba, ya rubuta sunan ƙungiyar samarin da ranar bikin. Bayan kwana ɗaya ko biyu samarin su zo su yi cincirindo a ƙofar shago, kowa ya zaɓi lambar da yake so a wanko masa.

Hotonsa da ya fi shahara, na 1963, yana nuna saurayi cikin farar kwat da budurwa ba takalmi suna rawa, goshinsu ya kusa haɗuwa. Duk wanda ya gani masoya zai ce. Sidibé ne ya faɗa cewa wa da ƙanwa ne, yana koya mata rawa. Wannan bayani bai rage wa hoton komai ba, sai ma ya sauya yadda ido ke karanta shi gaba ɗaya.

Ba Magnin kaɗai ya yi wannan aiki ba. Françoise Huguier, mai ɗaukar hoto 'yar Faransa, tana cikin waɗanda suka fara fito da Keïta, kuma tana cikin waɗanda suka kafa taron masu hoton Afirka na Bamako a 1994, shekarar da aka yi wa Keïta baje koli nasa shi kaɗai a Paris. Érika Nimis ta bi tsofaffin masu hoton birnin, har da waɗanda kasuwar Turai ba ta waiwaya ba, ta fitar da littafi a kansu a 1998. A 2001 Michelle Lamunière ta shirya baje kolin Keïta da Sidibé a jami'ar Harvard tare da hirarrakinsu, sunan baje kolin ma daga maganar Bambara aka ɗauko shi, wadda mai hoto ke faɗa wa wanda ya zaunar: ka yi kyau a haka. A 2008 kuma Cosima Spender ta yi fim a kan Sidibé, inda ake ganinsa ana jin muryarsa.

Hirarrakin suna da nasu gibin, kuma ba ƙarami ba ne. Da Faransanci aka yi yawancinsu, alhali da Bambara aka yi cinikin hotunan da raha da gardamar da ke tattare da su. A wasu littattafan an cire tambayoyin an jera amsoshin kamar mai hoton ne ya zauna yana zuba shi kaɗai, mai karatu ba zai san abin da aka tambaya da abin da aka tsallake ba. Wasu daga cikin masu tambayar kuma suna da hannu a sayar da hotunan. Magnin ya tafi Paris da dodon hoto sama da 900 na Keïta, aka wanko su manya-manya, wasu sun fi mita ɗaya tsawo, abin da mutanen da ke cikinsu ba su taɓa gani ba. Keïta ya ce ganin su a wannan girma ne ya tabbatar masa da ingancin aikinsa. Amma kafin rasuwarsa a Paris a watan Nuwamba 2001 ya raba gari da Pigozzi da Magnin ya koma wurin wani dillali, Jean-Marc Patras, rigimar mallakar fim ɗin kuma ta kai gaban kotu bayan ransa.

Babban abin takaici shi ne mutanen da ke cikin hotunan. Keïta bai ajiye sunayen masu zuwa wurinsa ba, kuma a lokacin da aka fara tambayarsa shekara 30 zuwa 40 sun shuɗe. Matan da suka zaɓi atamfar, suka ɗaura ɗankwalin, suka jera zoben da awarwaron, suna da kaso a kyan hoton, amma ba kasafai aka nemi jin ta bakinsu ba. Shi ya sa mafi yawan hotunansa har yau ba su da suna.

Sidibé ya fi samun lokaci. Ya karɓi lambar Hasselblad a 2003, da Zakin Zinariya na baje kolin Venice a 2007, ya kuma ci gaba da zama a ƙofar shagonsa na Bagadadji yana amsa tambayar duk baƙon da ya zo. Ya rasu ranar 14 ga Afrilu 2016.