Jirgin ruwa na horo mai tafiya da iska

Jirgin ruwa na horo mai tafiya da iska babban jirgi ne da ake ɗaukar matasa a cikinsa na wasu kwanaki ko watanni don su koyi aikin teku da juriya da aiki tare da jama'a. Iska ce ke tura shi ta hanyar manyan ƙyallaye masu kauri da ake ɗaurawa a jikin dogayen ginshiƙai. Waɗannan ƙyallaye su ake kira filafilai, ko da yake a bakin yawancin Hausawa kalmar ta fi nufin abin tuƙa kwalekwale ko fukafukan fanka. Kusan duk jiragen na yau suna da inji, amma an fi tayar da shi wajen shiga tasha ko idan iska ta ɗauke. Wasu mallakar rundunonin sojan ruwa ne, wasu kuma na ƙungiyoyin sa kai ne da ke karɓar duk matashin da ya nema, ko da bai taɓa ganin teku ba.

Tarihi

Tun ƙarshen ƙarni na 19 jiragen da ke aiki da tururi suka fara ƙwace harkar dakon kaya daga jiragen iska. Duk da haka ƙasashe da dama suka ci gaba da riƙe jirgi ɗaya ko biyu saboda horo. Dalilinsu shi ne mutum kaɗan na iya tafiyar da jirgi mai inji, amma jirgin iska ba ya motsi sai mutane da yawa sun ja igiya a lokaci guda, kuma sakacin mutum ɗaya yana shafar kowa.

Italiya na da Amerigo Vespucci tun 1931. Jirgin Eagle na masu tsaron gaɓar tekun Amurka an ƙera shi a Jamus a 1936, Amurka ta karɓe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jamus ta ƙera Gorch Fock a 1958, Indiya ta fara amfani da Tarangini a 1997, Oman kuma na da Shabab Oman II tun 2014. A nahiyar Afirka akwai El-Mellah na sojan ruwan Aljeriya, wanda aka ƙera a Polan. A 1956 aka yi tseren farko na irin waɗannan jirage daga Torbay ta Ingila zuwa Lisbon ta Fotugal. An shirya shi ne a matsayin bankwana da zamanin jiragen iska, sai ya karɓu har ya zama al'ada. Dokar tseren ita ce aƙalla rabin mutanen kowane jirgi su kasance 'yan shekara 15 zuwa 25.

Rayuwar yau da kullum

Jirgi ba ya tsayawa don dare ya yi, saboda haka komai na rayuwar ɗalibi ya rataya ne a kan gadi na karɓa-karɓa. Ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, galibi uku. Kowane rukuni ya yi awa huɗu a bakin aiki, ya huta awa takwas, sannan ya dawo. Bisa tsohuwar al'ada ana kaɗa ƙararrawa duk rabin awa, bugu ɗaya a farko, ana ƙarawa har a kai takwas, alamar gadi ya ƙare. A jirage da yawa ana raba gadin yamma, daga ƙarfe 4 zuwa 8, gida biyu, don kada rukuni ɗaya ya dawwama a kan gadin tsakar dare, wanda ɗalibai suka fi ƙi. Hutun awa takwas ɗin ma ba na barci ba ne kawai. A cikinsa ake cin abinci da wanki da karatu, kuma idan aka yi kiran kowa da kowa saboda iska ta sauya, mai barci ma tashi zai yi.

A lokacin gadi wani na riƙe da sitiyari yana bin kamfas, wani na tsaye a goshin jirgi yana duban fitilun wasu jirage, wani na rubuta gudu da alkibla da yanayin sama a littafin jirgi. Da safe ana wanke doron jirgi, a goge tagulla, a share ɗakuna da makewayi. Aikin kicin ma yana zagayowa kan kowa, daga feraye dankali zuwa wanke tukwane, kuma ba a duba ɗan wane ne.

Babban aikin makon farko shi ne haddar igiyoyi. Eagle, mai tsawon kusan mita 90, na da igiyoyi sama da 200, kowace da sunanta da inda ake ɗaure ta, kuma ana so ɗalibi ya iya kamo wadda aka ambata ko cikin duhu. Hannu yakan yi kanta cikin 'yan kwanaki, kamar na mai jan guga a rijiya mai zurfi. Igiya mai nauyi mutum goma ko fiye ke ja, ɗaya na ba da murya saura na amsawa, tamkar aikin gayya. Daga irin wannan aiki ne tsofaffin waƙoƙin matuƙa jirgi na Turawa suka samo asali.

Abin da ya fi tsorata sababbi shi ne hawa sama. Ana naɗe filafilai ne a kan sandunan da aka gicciye a jikin ginshiƙi, wasu a tsayin mita 30 ko fiye. Ɗalibi ya hau tsanin igiya, ya taka wata igiya guda da ke ƙarƙashin sandar, ya kifa cikinsa a kan sandar, ya riƙa tattaro ƙyallen da hannu biyu alhali jirgin na tangaɗi. Yanzu ana sa ɗamarar tsaro mai ƙugiya. A yawancin jiragen ƙungiyoyin sa kai ba a tilasta wa kowa hawa, amma a na soja yana cikin horon.

Wurin kwana matsattse ne: gadaje masu hawa-hawa, ko gadon lilo na ƙyalle da ake ratayawa da dare a naɗe da safe. Ruwan wanka a ƙididdige yake, waya kuma takan daina aiki da zarar an yi nisa da gaɓa. Jiri da amai na kama mutane da yawa a kwana biyu ko uku na farko, kafin jiki ya saba. Da rana ana koyar da ƙulle-ƙullen igiya, karatun taswira, dokokin kauce wa karo, da gano inda jirgi yake ta hanyar auna tsayin rana da taurari, duk da cewa akwai na'urorin tauraron ɗan'adam a cikin jirgin.

Haɗari

Horon ba wasa ba ne, kuma ya ci rayuka. A ranar 21 ga Satumba 1957 jirgin Pamir na Jamus, ɗauke da sha'ir daga Ajantina, ya nutse a tekun Atlantika cikin guguwa bayan hatsin ya zube gefe ɗaya. Cikin mutum 86, har da ɗalibai 52, shida kaɗai suka tsira. A 2010 wata ɗaliba ta faɗo daga saman Gorch Fock a tashar Salvador ta Burazil ta rasu, lamarin da ya jawo muhawara mai zafi a Jamus kan ko matsin da ake yi wa ɗalibai ya wuce kima. A ranar 17 ga Mayu 2025 ginshiƙan Cuauhtémoc na Meziko suka bugi gadar Brooklyn a New York lokacin da ɗalibai ke tsaye a saman sanduna, mutum biyu suka mutu. Masu suka na cewa jami'in da zai yi aiki a jirgin zamani ba ya buƙatar wannan kasada. Masu goyon baya na cewa ba hawan ake koya ba, natsuwa ce a lokacin tsoro.

Alaƙa da Nijeriya

Ga ɗalibi a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, inda ko babban kogi babu, wannan rayuwa na iya zama kamar tatsuniya. Amma wani reshe nata ya iso har can, wato Man O' War. A 1941 Kurt Hahn da mai jiragen ruwa Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a Aberdyfi ta yankin Wales don ƙarfafa matasan matuƙa jirgi a lokacin yaƙi. A 1951 Alec Dickson ya kafa irinta a Man O' War Bay kusa da Victoria, wato Limbe ta Kamaru a yau, wadda a lokacin ake mulkinta tare da Nijeriya. Sunan wurin tsohuwar kalmar Ingilishi ce ta jirgin yaƙi. Daga wannan makaranta ne Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta Nijeriya ta samo asali, mai makarantar teku a Apapa ta Legas da ta tsaunuka a Shere kusa da Jos. Hawan igiya da tsallake katanga da masu yi wa ƙasa hidima ke yi a sansanoninsu na horo, ma'aikatan Man O' War ne ke jagorantarsu.