Abin da Fari Ke Sauyawa a Cikin Gero da Dawa a Ƙasar Daura

Manomin Mai'adua ko Zango ya saba ganin ganyen gero ya naɗe da tsakar rana idan ruwa ya ɗauke. Wannan naɗewa alama ce ta wani aiki da ya riga ya kankama a jikin shukar, kuma a ganina a nan ya kamata binciken noma na masarautar Daura ya fi mai da hankali.

Ƙasar jigawa ba ta riƙe laima. Da zarar saiwa ta ji bushewa, sinadarin absisik yakan ƙaru a jikin shuka, ya sa ƙananan ƙofofin ganye su rufe. Ruwa ya daina fita, amma iskar da shuka ke haɗa abincinta da ita ma ta daina shiga. Sai shukar ta shiga tara sukari da sinadarin furolin a ƙwayoyin jikinta domin su riƙe ɗan ruwan da ya rage. Duk wannan da ƙarfin da zai tafi ga tsaba ake biyansa. Shi ya sa lokacin da fari ya faɗo ya fi tsawonsa muhimmanci: geron da ya sha wuya yana ƙarami yakan farfaɗo, har ya yi 'ya'ya, amma idan ruwa ya yanke yana bunni, zangarniyar takan fito da ƙaiƙayi ba nauyi. Iri mai saurin nuna irin SOSAT, wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta yi aikinsa tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT, dabararsa ita ce ya kammala kafin damina ta janye.

Lamarin dawa ya fi tayar mini da hankali. Ƙaramar dawa tana ɗauke da sinadarin dhurrin, kuma fari yana ƙara yawansa. Idan saniya ko akuya ta tauna ganyen, sinadarin yakan saki gubar sayanaid, dabba ta faɗi tana haki. Makiyaya sun daɗe suna tsoron gyauron dawa, tun kafin farin 1973 da na 1984 su jawo hankalin masana zuwa yankin Sahel.

Malaman gona sun fi ba da shawara kan taki da ranar shuka. Ya kamata su riƙa gargaɗin kada a saki dabbobi a gonar dawar da fari ya tsumburar, ko da manomi ya fid da rai da amfaninta.